Alkawarin Zanis, Gwiwar Gwaggo Maruso

Tsibirin Sifnos, Satumba 1979

Ɗana Zanis,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kun koma Stuttgart lafiya, kai da matarka Evlambiya da 'yar ƙaramarmu Flora. Yaya ƙafar yarinyar bayan wannan doguwar tafiya? Mu nan sai godiyar Allah. Gwiwata ta hagu ce kawai ta fara sanar da ni ruwa na tafe tun gajimare bai taru ba. An gama tsinkar inabi. Bana ya yi zaƙi amma bai yi auki ba, rina da tsuntsaye sun riga mu.

To, gaisuwa ta ƙare. Gyara zama.

Ba ni na haife ka ba. Ni da marigayi babanka Frazeskos kaka muka haɗa, iyakar abin ke nan. Na tuna maka ne don ka san babu wata doka ta Allah ko ta mutane da ta ce in ɗauki abin da ka ɗora mini. Ranar bikin Waliyyiya Marina a kan dutse, da limamin cocinmu Papa-Stamatis ya ɗaga hotonta ya ce, "Wane gida zai karɓe ta bana?", kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, don kowa ya san abin da ke ciki. Sai ga ka cikin farar rigarka ta Jamus, ka ratsa jama'a ka miƙa hannu biyu. Mata suka yi ta share hawaye. Ni ma na share nawa, don a lokacin ban san gidana za ka nufa da ita ba. "Gwaggo, gidan Baba ba rufi, bari ta ɗan zauna a nan." Ka ajiye ta a kan akwatin aurena, ka sha ruwa, ka sumbaci goshina, kafin mako ya zagayo kana cikin jirgi kana ɗaga mini hannu.

Ta ɗan zauna! Shekara za ta yi, Zanis. Ko ka manta yadda ake yi ne? Fitilar da ke gabanta ba ta mutuwa dare da rana, kuma man zaituna take sha. Kafin Yuli mai zuwa sai an shafe cocin da farar ƙasa ciki da waje, an gyara hanyar da ta hau dutsen, an share ɗakin cin abincin da ɓeraye suka mayar nasu. Ranar bikin kuma duk wanda ya hau, ɗan gari ne ko ɗan yawon buɗe ido da ya ɓata hanya, sai ya zauna ya ci revitada, romon waken nan namu, da nama da burodi, ya sha giya, kuma ba a ce wa kowa ya ƙare. Ga mai goge da mai kaɗa lauto, garayar nan tamu, su ma ba iska suke ci ba. Duk wannan kaya a bayan alfadari ake hawa da shi, ni kuwa ko jaki ba ni da shi tun rasuwar mijina.

Jiya a bakin tanda matar mai burodi ta ce mini, "Maruso, ashe ke ce mai bikin bana, Allah ya ba ki ƙarfi," da wani irin murmushi da ya sa na so in cusa mata ƙullu a baki. Shekarata sittin da takwas.

Waliyyiyar ba ta yi mini laifi ba. Ina kunna mata fitila, ina goge mata ƙura, da safe mukan ɗan taɓa hira. Da kai nake. Ka rubuto ka gaya mini abin da ya hau kanka ranar, da kuma yadda kake so a yi. Kada ka cika mini takarda da labarin sanyin Jamus.

Gwaggonka,
Maruso

Stuttgart, Oktoba 1979

Gwaggona abar ƙaunata,

Na sumbaci hannunki. Muna nan lafiya ƙalau. Evlambiya na gaishe ki, har yanzu tana aikinta a ɗakin wankin asibiti. Flora ta fara tsere da yaran maƙwabta, da ɗan ɗingishi dai, amma likita ya ce a hankali zai ragu. Gwiwar nan ki riƙa ɗaure ta da ulu.

Kin yi gaskiya, ya kamata a ce na yi miki bayani. Kin san Flora ta yi watanni a kwance cikin filasta daga ƙugu har ƙafa. Ranar da za a yi mata aikin, likitan ya fito ya yi mini dogon Jamusanci, abin da na tsinta a ciki kawai shi ne wataƙila ba za ta taka ba. Na zauna a barandar asibitin, ban san kowa ba, ba abin da ya zo mini a rai sai 'yar cocin nan tamu ta kan dutse, inda Baba yake hawa da ni a wuyansa. Na ce, Marina, ke ce mai tsaron yara, in yarinyar nan ta taka ƙasa da ƙafarta, ni zan ɗauki bikinki, ni zan hau da hotonki a ƙirjina. Ta taka, Gwaggo. To da Papa ya ɗaga hoton, me kike so in yi? In dubi takalmina ni ma?

Amma kada ki sa damuwa a ranki ko kaɗan, na tsara komai. A cikin kwalin da na haɗo da wasiƙar nan akwai fitila mai batir, ja, harshenta har rawa yake kamar na gaske. Ba mai, ba hayaƙi, ba sai kin tashi duba ta ba. Nama kuma ai muna da shi a tsaye. Awakin da Baba ya saki a bayan dutse yanzu sun kai garke, ki sa a kamo miki nawa kike so. Kwanoni ma kada ki wahalar da kanki da aron na gida-gida, a nan akwai na takarda, a ci a yar, zan taho da su. Shugaban sashenmu ya riga ya sa mini hannu a hutun Yuli. Zan iso kafin bikin, in yi shafe, in gyara hanya, ke dai ki zauna a inuwa kina ba da umarni, tunda a nan kika fi kowa.

Ki gaida Papa-Stamatis.

Ɗanki,
Zanis

Sifnos, Janairu 1980

Zanis,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta, duk da ni ban da tabbas. Na ji daɗin labarin Flora. Na karanta wa Waliyyiyar wurin da ka yi maganar barandar asibiti, na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Da ka tsaya a nan da mun rabu lafiya.

Na daɗe ban rubuto ba don muna kaɗar zaitun, daga nan kuma hannuna na dama ya yi makonni a ɗaure. Za ka ji dalili.

Fitilarka ta iso. Na kunna ta yini ɗaya don kada a ce na raina kyauta. Papa-Stamatis ya shigo, ya dube ta tana ƙyafta jan ido, ya ce, "Maruso, yaushe Waliyyiyar ta buɗe mashaya a tashar jirgin Pireyas?" Yanzu tana akurkin kaji. Kwanonin takardarka kuma ka bar su can. Revitadar da ta kwana a tanda cikin tukunyar ƙasa, da zafinta, ka zuba a takarda? Mutane su hau dutse da ƙafa su zo su sha romo a cinyarsu?

Sai awakin babanka. Ki sa a kamo miki! Wa zan sa? Samarin garin nan duk suna cikin jiragen ruwa ko suna can tare da kai suna ɗaura kusoshi. Awakin nan rabon su da igiya tun kana da gashi a gaban kai. Na ɗauki bokitin sha'ir na hau da kaina, ina kira kamar yadda babanka yake kiran su. Wani baƙin bunsuru mai gemu kamar na bishop ya tsaya a kan dutse yana kallona, ya yi atishawa, duk suka watse. Ina juyowa dutse ya gurgura ƙarƙashin ƙafata. Na faɗi cikin ƙaya, sha'ir ya zube a kaina, ga iska, ga yayyafi.

Ka san wa ya tsince ni? Apostolos. E, shi fa, wanda gidanmu ba ya ko amsa gaisuwarsa tun rigimarsu da babanka. Ya tsaya da alfadarinsa a kaina ya ce, "Maruso, kiwo kike ko ke ake kiwo?" Na ce, "Wuce abinka, hutawa nake." Ya ce, "To huta a kan alfadari." Haka ya sauko da ni ta tsakiyar gari kamar buhun gawayi, kowa na leƙe ta taga.

Washegari ya dawo da kansa ya ce ruwan sama ya rushe hanyar coci a wuri biyu, shi zai iya gyarawa, kuma zai ba da alfadarin ranar biki. Amma ya nemi abin nan da ya daɗe yana nema a gonar babanka. Na ba shi. Ban ga amfanin riƙewa ba, kuma ba ka nan balle a tambaye ka.

Don haka in irin taimakon da ka aiko shi za ka zo da shi a Yuli, yi zamanka a Jamus. Ni da Apostolos mun isa.

Maruso

Stuttgart, Fabrairu 1980

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Da fatan hannun ya warke. Mu lafiya.

Na karanta wasiƙarki, na sake karantawa, na ba Evlambiya ta karanta mini da ƙarfi ko idona ne. Ba idona ba ne.

Abin da Apostolos ya daɗe yana nema a gonar Baba ai kowa ya san shi: ɓangaren nan na ƙasa mai tsofaffin zaitun. Ina yaro na ji da kunnena yana taya shi, Baba ya ce sai dai bayan ransa. Ashe kuwa bayan ran nasa ne. Wannan 'yar ƙasar ita kaɗai ta rage mini a duniya da zan nuna wa Flora in ce nan ne namu. Ina tsaye gaban injin daga safe har yamma, ƙarar ta toshe mini kunne ɗaya, abin da nake gani in na rufe ido shi ne itatuwan nan. Kika bayar da su a kan aron alfadari, wai ba na nan balle a tambaye ni. Adireshina dai kin san shi, tunda zagi yana iso ni.

Kin ce in yi zamana, ke da Apostolos kun isa. Na ji. Ba zan zo in tsaya kamar baƙo a bikin da na ɗauka ina kallon mutumin nan yana yanka burodi a kan tebur ba. Akwai wani abokin aikina da zai aurar da 'yarsa a Yuli, ya daɗe yana roƙona mu yi musanyar hutu. Na ba shi, an rubuta, an sa hannu. Evlambiya ta ce in jira in sake jin ta bakinki. Na ce maganarki ba ta da wani lungu, a fili take.

Duk abin da bikin zai ci zan aiko. Waliyyiyar ta san zuciyata.

Zanis

Sifnos, Maris 1980

Ɗana Zanis,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru-shiru ban ji daga gare ka ba tun kafin Kirsimeti. Ko hannunka ne kai ma ya karye? Na san teku ta yi hauka bana, jirgin ya zo ya leƙa tasharmu ta Kamares ya juya ba sau ɗaya ba, har garin burodi ya yanke mana. Amma ko matar mai burodi ta samu kati daga ɗanta na Ostireliya, ta bi gari tana fifita da shi.

Muna cikin azumi, wake da zaitun da ganyen daji, cikina har ya fara kuka irin na akuya. Amma da za ka ga dutsen yanzu! Duk ya yi kore, furanni ja da rawaya har bakin teku, ƙudan zuma kamar ana biki. Itacen almon na bayan gida ya zubar da fure ya fara 'ya'ya.

Albishirinka: awaki sun shiga hannu. Apostolos ya zuba gishiri a cikin tsohon shingen awaki ya yi ta jira a bayan katanga kamar ɓarawo, sai da suka saba sannan ya ja ƙofa. Mai gemun bishop ya tsallake ya gudu, amma mun samu isassu. Hanya ma ta gyaru. Na yi magana da maginin tukwane, zai ba mu manyan tukwane sababbi. Shafe na bar maka, kada ka ce an yi komai ba kai.

Hoton yana da nauyi fiye da yadda kake tunani, itacen tsohon itace ne. Ka fara motsa kafaɗunka tun yanzu. Ka taho mini da man shafawar nan na gwiwa mai warin kafur. Ka rubuto, kai jaki.

Gwaggonka,
Maruso

Sifnos, makon Ista 1980

Zanis,

Almasihu ya tashi. Hankalinka ne dai har yanzu yake kwance.

Wasiƙarka ta Fabrairu sai shekaranjiya ta iso. Ta ɓata ta je tsibirin Serifos ta yi azumi a can, don rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa da jan ƙwan Ista a hannuna, sai da na zauna a ƙasa.

Zaitun? Wa ya ce maka zaitun? Kai, Budurwa Maryamu ki riƙe mini harshe! Ƙofar katanga, Zanis! Wannan 'yar kafar da ke tsakanin gonarku da tasa, wadda babanka ya toshe da duwatsu shekarar da alfadarin Apostolos ya cinye masa dashen inabi. Tun daga ranar mutumin nan yake zagaye dutse guda kafin ya kai dabbarsa ga ruwa. Ita ya nema, ita na ba shi. Mun kwashe duwatsun ni da shi a yini ɗaya. Itatuwanka suna nan, ba wanda ya taɓa ko ganye, in ban da ni da nake kaɗe su kowace shekara, bana kuma ina zuba man a fitilar alkawarinka. Ni zan sayar da ƙasar Frazeskos? Da wace takarda? Da wace fuska zan shiga maƙabarta?

Shi kuma "yi zamanka". Tun kana cikin zane nake ce maka tafi ka ba ni wuri, ka taɓa tafiya? Na ce wa mijina ya je ya faɗa teku ya fi sau dubu, mutumin nan a kan gadonsa ya mutu. Sai yanzu da ka zauna da Jamusawa ka koyi ɗaukar magana kamar takardar kotu? Matarka ta ce ka jira. 'Yar tudu ce ba 'yar tsibiri ba, ban taɓa zaton zan faɗi haka ba, amma ta fi ka hankali nesa ba kusa ba.

Yanzu ka saurara, don wannan ba faɗa ba ne. Ba ni ka yi wa alkawari ba. Ka ce kai za ka hau da ita a ƙirjinka, kuma a kan ƙafar yarinya ka faɗa. Tun da na karanta wasiƙar nan abinci ya ƙi shiga mini. Na je wurin Papa-Stamatis, ya ce, "Maruso, waliyyai ba 'yan sanda ba ne." Na ce, "Papa, kai ka karanta littafi, ni na binne 'ya'ya biyu." 

Ka je wurin shugaban naka, ka durƙusa in ta kama, ka karɓo hutunka. Abin da ka ce za ka aiko kuma ka riƙe, ba shi ne zai hau dutse ba.

Maruso

Stuttgart, Mayu 1980

Gwaggona,

Haƙiƙa ya tashi. Na sumbaci hannunki biyu, in za ki miƙo. Muna lafiya. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, na fara da mai furanni da awaki ina ta mamaki, sannan na buɗe ta biyun. Evlambiya tana tsaye a kaina. Ta ajiye mini abinci da ƙarfi.

Ƙofar katanga. Wallahi na manta da akwai ta.

Na je wurin shugaban. Ya saurare ni har na gama, da labarin Waliyyiya da komai, sannan ya nuna mini ta taga layin mutanen da ke tsaye a bakin ƙofa suna neman aiki. Ana rage ma'aikata a sashenmu, an sallami mutum biyu da muka zo tare. Ya ce in na tafi a Yuli in tafi da kayana gaba ɗaya. Na je wurin abokin nawa, ya fito mini da katin auren 'yarsa har an buga. Me zan ce masa? Hutuna yanzu sai Oktoba. In na bar aikin nan, Gwaggo, likitan Flora ma ya tafi tare da shi, kuma akwai sauran duba ƙugun da za a yi.

Na rasa yadda zan yi. Evlambiya ta ce in ba ta alƙalamin.

Gwaggo Maruso, ni ce Evlambiya. Ina gaishe ki da girmamawa. Na samu hutu, zan zo da Flora. Ban iya shafe ba, ban san yadda ake revitadarku ba, jirgin ruwa kuma yana juya mini ciki. Amma ina da hannu biyu, kuma ƙafar da aka yi alkawari a kanta ni na haife ta. Ki nuna mini, zan yi. Shi kuma ki bar mini shi, ina nan ina yi masa faɗa, naki da nawa.

Ɗanki mai jin kunya,
Zanis

Sifnos, Yuli 1980

Zanis,

Gaisuwa. Kowa lafiya, matarka lafiya, 'yarka lafiya, gwiwata ta kumbura kamar kankana. An yi biki.

Saura kaɗan ma su rasa shi. Iskar arewa ta taso ranar da za su iso, jirgin ya kasa matsowa, sai da ƙananan kwale-kwale aka yi ta ɗebo mutane. Aka miƙo mini matarka fuskarta koriya shar kamar ɗanyen zaitun. Na ce a raina, to, an ƙaro mini majinyaciya. Ta kwanta yini ɗaya. Washegari na tashi na tarar ta ɗaure kai da ɗankwalina tana tambayar ina bokitin farar ƙasa. Ta shafe cocin nan, ta shafe kanta, ta shafe rabin alfadarin Apostolos. Albasa kuwa ta yanka buhu guda ba gunaguni. Mun yi faɗa sau ɗaya a kan gishiri. Ita ce da gaskiya, amma kada ka gaya mata.

Ana gobe biki muka jera tukwane a tanda, aka liƙe bakin da ƙullu. Da rana ta yi sanyi aka fito da hoton. Nan fa aka tsaya cirko-cirko, wa zai ɗauka? Apostolos ya ce a ɗaure shi a kan alfadari. Na ce in ya sake faɗa zan mayar da duwatsun nan da hannuna. Sai matarka ta rungume shi a ƙirji ta kama hanya, ba ta tambayi kowa ba.

Flora mun ɗora ta a kan alfadari. Ba mu yi nisa ba ta ce a sauke ta. Na ce, "'Yar nan, hanyar da tsawo, ga duwatsu." Ta ce, "Kaka, Baba ya ce don ƙafata ake yi. To ai sai ta je da kanta." Ka ji fa. Bakin gidanmu ne, ba na uwarta ba. Muka sauke ta. Tana tafe tana ɗingishi, ta zauna, ta tashi, ta kama ƙaya ta yi kuka, ta ƙi a ɗauke ta. Duk jerin mutanen nan, da Papa da masu goge da masu buhunan burodi, suka rage tafiya suka bi takunta, ba wanda ya wuce ta. Ni aka ɗora a alfadarin, karo na biyu a shekara ɗaya, a gaban duk gari. Da muka kai ƙofar coci matarka ta sunkuya, yarinyar ta kama gefen hoton da hannu biyu, tare suka shiga da shi. Papa-Stamatis ya fara addu'a, ya tsaya yana tari wai turare ne.

Na tambaye shi daga baya ko alkawarin ya cika. Ya ce, "Ke me kika gani?" Na ce na ga ya cika, amma ba don halin mai shi ba.

An ci, an sha, teburi ya tashi wani ya zauna, ba wanda aka ce wa ya ƙare. Ana buga cokula a kwanoni ana yi wa mai biki kirari, da sunanka fa, kai da kake can kana ɗaura kusoshi. Apostolos ya yi rawa, abin ba kyan gani. Gidan mai burodi ne suka karɓi hoton na baɗi. Na je har gaban matar na ce mata Allah ya ba ta ƙarfi.

Yanzu ga magana. Matarka za ta hau jirgin Asabar, aikinta na jiran ta. Flora ba za ta hau ba. Mun yi shawara ni da uwarta, ba mu nemi ra'ayinka ba, don mun ga abin da kake yi da ra'ayi. Yarinyar tana shiga teku kullum, ta yi baƙi, tana cin abinci kamar mai noma, ɗingishin ma ya ragu, ko dai idona ne. In kana son 'yarka, Oktoba ka zo da ƙafarka ka ɗauke ta. Kada ka aiko kowa, kada ka aiko komai a kwali.

Tana nan bakin ƙofa da kwando tana jira in gama mu je tsinkar ɓaure. Ta ce in rubuta maka wai ba ta kewarka ko kaɗan. Na ce a'a, 'yar nan, ba a rubuta wa ubanki irin wannan, sai ya yarda.

Gwaggonka,
Maruso